Angon Malama Suwaiba

Rilwanu ya tsaya a bayan tagar ajin, yana sauraron matar marigayi wansa tana koya wa 'yan mata halin tururuwa.

Jiya aka yi ruwan farko a Maradun, da safe kuwa masu fiffike suka cika filin makarantar. Malama Suwaiba ta kama ɗaya a kwalba tana zagayawa da shi. Ta ce wannan namiji ne: ɗan ƙaramin kai, manyan idanu, jiki siriri kamar na zanzaro. Ba ya ɗauko tsaba, ba ya haƙa rami. Yana can ƙarƙashin ƙasa ana ciyar da shi, babu mai ganinsa. Sau ɗaya yake fita a rayuwarsa, ranar da zai bi mace sama, kuma tsuntsaye sun san ranar. Ko ya tsira daga bakinsu, ba ya ƙara kwana biyu.

'Yan matan suka yi dariya. Ita ba ta yi ba.

Wata goma sha huɗu ke nan da 'yan bindiga suka kashe wansa Audu a hanyar gonarsa ta Damaga. A iya sanin Rilwanu, shi da Suwaiba kaɗai suka san zai fita a ranar. Ba a ga hawayenta a zaman makoki ba. Tun ba ta fita takaba ba ake ganinta a bayan ɗaki da waya a kunne, tana magana ƙasa-ƙasa, wani lokaci har da dariya. Yanzu kuma sai ga labarin aure, da wani Maikuɗi da babu wanda ya taɓa sa shi a ido. Rilwanu ya haɗa wannan da wancan, ya yanke wa kansa hukunci: ita ta ba da Audu don ta auri saurayinta.

Da aka tashi ya tare ta a bakin ƙofa, ko gaisuwa babu. Ya ce mata jinin wansa ba zai tafi a banza ba. Ta buɗe kwalbar ta saki ƙwaron, sannan ta dube shi.

"Ka taho ɗaurin auren ranar Juma'a, Rilwanu. Amma ka tsaya nesa."

Ya je, da wuƙa a ƙugunsa. Da hantsi ne, a ƙofar gidan kawunta a Talata Mafara. Ya jingina da bango yana jiran lokacin da hankalin kowa zai koma kan Fatiha, ya shige cikin gida. Bai ga hayaƙin girki ba, bai ji muryar maroƙi ba. Dangin amarya da ke kan tabarmi duk baƙin ido ne, majiya ƙarfi, an ajiye musu goro ba su taɓa ba. Ya ji wani dattijo yana cewa amarya ta ƙi a turo wakili, ta ce sai ango ya zo da ƙafarsa.

Ango ya iso a kan babur, mutum biyu na biye da shi. Farar shadda, baƙin tabarau, sai waige-waige yake yi. Ya cire takalmi ya zauna.

Liman bai kai ga buɗe baki ba mutanen tabarmin suka miƙe. Kafin Rilwanu ya ɗaga ƙafa an danne su ukun, an zaro bindiga daga ƙarƙashin shaddar, an sa musu ankwa. Wata motar 'yan sanda ta fito daga lungu ta kwashe su.

A zaure ya sami Suwaiba cikin hijabinta na zuwa aiki, hannu babu lalle. Ta kalli ƙugunsa inda wuƙar take. Sai a lokacin ya ga idanunta sun kawo ruwa.

"Maikuɗin nan shi ya kira ni ranar nan, ya faɗa min inda za mu ɗauko gawar Audu, yana dariya," in ji ta. "Bayan sadakar bakwai na sayi sabon layi na kira lambarsa, na ce sunana Farida, kuskuren lamba na yi."