Shamuwar Layin

Ranar da ita da mijinta suka tare a sabon gidansu, maƙwabcinsu ya ƙetaro da shamuwar katako a kafaɗa, irin wadda mutanen ƙasar nan ke kafawa a ƙofar gidan da aka haihu.

"Maƙwabciya, ga shamuwar layinmu! Gida-gida take yawo, yanzu ta iso kanki. Yaushe za mu ci biskit ɗin barka?"

"Afrilu," ta ce, hannunta a kan ciki.

Sun gaji da taya gidaje a gefen birnin Utrecht ana kayar da su, ga wa'adin gidan haya ya ƙare. Sai dillali ya tsegunta musu cewa tsohuwar mai wannan gida masu 'ya'ya ko masu jiran haihuwa kawai za ta sayar wa. Ranar da za su je duba gidan, matar ta cusa filo a riga. Tsohuwar ta ture tayin da ya fi nasu, ta kuma baza albishir a layin.

Likita kuwa tun bara ya ce su cire rai da haihuwa.

Mijinta ya karɓi shamuwar ya jingine ta a bakin ƙofa. Ita ta hau sama, ta ja labule, abin da ba a yi a layin nan, ta shiga buɗe kwalaye tana neman filon da ya fi wannan girma.