Turancin Malam Laminu

Layin ya yanke, Hamsatu tana riƙe da wayar a kunne, a ƙarƙashin lemar mai wayar kuɗi a bakin kasuwar Gashua. Likitar da ta ɗauki wayar a asibiti 'yar bautar ƙasa ce daga kudu, ko sannu ba ta iya ba. Ta ba da haƙuri sau biyu, sannan ta faɗi 'yan kalmomin da Hamsatu ta fi sani a duk Turancin duniya.

Ta san su ne a bakin mijinta. Malam Laminu malamin firamare ne, mutumin kirki, amma gwanin zillewa. In an gayyace shi taron da ba ya so, sai ya ɗaga hannu ya ce, "Count me out." Bikin abokai, "I will pass." Ranar da aka sa zai kai ta ganin gida kuwa, "I can't make it." Ita da ta tsaya a aji huɗu, ta haddace su kaf, kuma duk ma'anarsu ɗaya a wurinta: ba za a gan shi ba.

To yau ma ya zille. Sai dai yau ba biki ba ne. Aiki za a yi masa a ciki a asibitin Nguru, kuma an gaya masa in ya sake ɗagawa, abin zai fashe. Ya riga ya ɗaga sau biyu don tsoron wuƙa. Ita tana jego, shi ya sa ƙaninsa Madu ya raka shi jiya.

Ta koma gida da sassarfa, ta miƙa wa mahaifiyarta jaririyar.

"Ke da ɗanyen jiki, ina za ki?"

"Inna, Malam ya gudu daga asibiti. In ban nemo shi ba, kashe kansa zai yi."

A mota aka matse ta tsakanin buhun barkono da wata tsohuwa. Tana ta shirya abin da za ta faɗa masa, rabi faɗa rabi roƙo. Wajen Jajimaji wata a-kori-kura ta wuce su za ta Gashua, maza a baya sun yi jugum kewaye da gawa a lulluɓe, fasinjoji suka yi salati. Ita ko kai ba ta ɗaga ba.

A Nguru ta fara da gidan abokinsa mai ɗinki, aka ce rabonsu da shi tun sallah. Ta je masallacin tasha ta duba takalma. Ta bi rumfunan masu kifi inda yakan zauna hira, tana kwatanta shi: dogo, mai tabarau, yana tafiya a dafe da ciki. Babu wanda ya gan shi. Nono ya cika ya jiƙa mata riga. Da ta kai ƙofar asibiti fushin ya ƙare, sai addu'a kawai: Allah ya sa yana kusa, ko a rarrafe ne za ta shigo da shi.

Wata dattijuwar nas mai suna Fanne ta tare ta a baranda.

"Baba, mijina nake nema, Malam Laminu daga Gashua. Don Allah kada a ba wani gadonsa, zan kawo shi. Likita ta ce min bai zo ba."

Fanne ta dube ta, ta dubi jiƙaƙƙiyar rigar.

"Me ta ce miki, da bakinta?"

"He didn't make it. Wato bai samu zuwa ba."

Fanne ta kama hannayenta biyu, ta zaunar da ita a kan benci a hankali.

"Ya zo, 'yata. Da ƙafarsa ya shiga ɗakin aikin, har yana cewa yau matarsa za ta yi alfahari da shi. Su likitoci in sun faɗi haka, rasuwa suke nufi."