Rami a Kujerar Ɗinki

Likitar ta cire safar hannu, ta leƙo ta bayan labule ta kira ni.

"Baba, ƙullutun da ke gefen gaban Mama ba cutar da ake ɗauka ba ce. Wata 'yar hanyar ruwa ce ta toshe, daga baya ta tara mugunya. Yanzu sai an tsaga. Me ya sa kuka bari har wata bakwai?"

Wata bakwai ina kallon uwar 'ya'yana tana cin abinci a tsaye, tana tafiya kamar mai taka ƙaya. A gabana ta sa almakashi ta yanke rami a soson kujerar kekenta, don ta samu ta zauna ta yi wa mutane ɗinki. Na kau da kai. Shekara talatin ina jan babbar mota, na san ƙofofin da na ƙwanƙwasa a hanya, kuma mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Tsorona kada asibiti ya tona mini asiri.

Da muka fito ta kama hannun rigata, tana ɗingishi.

"Maigida, ka yafe mini. Wallahi kai na zarga. Na ce gara in mutu da shi, da in ji an ce kai ka kawo mini. Ashe alhakinka na ɗauka."

Ta tsaya tana share hawaye, tana jira.

Na ce, "Na yafe."

Har sau biyu ta yi mini godiya.