Munduwar Tani a Tafkin Rawayau

"Ni, ɗan kokawa, in riƙa yawo cikin ruwa kamar agwagwa?" in ji Ilu.

Malamin asibitin Dutsin-Ma ne ya ce da haka gwiwarsa mai ciwo za ta saki kafin kokawar kaka a Kurfi. Ilu ya ƙi.

Washegari matarsa Tani ta shigo da kuka. "Maigida, munduwar kakata ta faɗa tafki!"

Kullum da safe Ilu yana cikin ruwa iya ƙugu, yana lalube da ƙafa. Damina ta wuce, ɗingishi ya tafi, munduwa shiru.

Ya lallaɓa wurin maƙeri, aka ƙera masa irinta. "Ga ta, na tsamo!"

Tani ta buɗe taskira, ta ciro ta asalin, ta jera su.

"Ikon Allah! Gobe ka koma, Maigida, wataƙila akwai ta uku."