Katangar Tsakiyar Hanya

Awa biyu motar Hassoumi ba ta motsa ba a cunkoson babbar hanyar Lyon zuwa Paris. Naƙuda ta kama matarsa Hamdiya a kujerar baya. Ga asibiti can tsallake ana hango shi, amma katangar siminti ta raba hanyar biyu.

Surukarsa, Hajiya Batula, ta ce, "Ɗan nan, juya mana."

"Babu wurin juyawa, Inna. A da akwai, amma an toshe shi."

"Wanda ya toshe, Allah ya isa tsakaninmu. Ka ce amin."

Hassoumi ya ƙura wa katangar ido. Shi ne injiniyan da ya shekara bakwai yana naci a toshe wurin, saboda rayukan da yake ci.

A hankali ya ce, "Amin, Inna."