Ruƙiyya Kafin Aure

Tana falo tana kallon shirin aljanun da take so, saurayinta ya shigo ya kashe talabijin.

"Hajiyarmu ta ce sai an yi miki ruƙiyya kafin aure," ya faɗa, idonsa a ƙasa.

Ta ɗago a hankali. "Wa ya gaya mata abin da nake kallo?"

Ya shiga murza makullin mota.

"Ba kai ne kullum kake roƙona in ba ka labarin inda aka kwana ba? A gaban Hajiya kuma na zama mai iskokai?"

"Haba, don hankalinta ya kwanta ne."

Ta zare zoben da ya ba ta ta dangwarar a tebur, ta kunna talabijin.

"Su dai aljanun nan ba su taɓa kai ƙarata ba. Matsa, ka tare mini."