Ƙofar Shagon Tela

Wani yammaci a Gummi, ni da Inna mun fito ke nan daga shagon telan da ya auna ni don ɗinkin kayan makaranta, sai harbi ya kaure tsakanin 'yan sanda da 'yan fashin da suka afka wa bankin tsallaken titi. Harsasai suna ta huda kwanon rumfuna. Muka juya da gudu, amma telan ya riga ya ja ƙofarsa ta ƙarfe ya sa sakata.

Inna ta dinga dukan ƙofar da tafin hannu. "Malam, don Allah buɗe muna! Ni bar ni waje, ka amshi yaron!"

Sai ta kira sunana, ko zai tuna da ni. Ni ne ɗan farinta, ban taɓa jin sunan a bakinta ba.

"Ku yi gaba, baiwar Allah! Kar ku jawo min harsashi!"

Ta tura ni cikin kwata, ta kwanta a kaina har harbin ya lafa.

Telan ya tsufa yanzu, yakan miƙo min hannu a masallaci. Ina amsa sallamarsa don wajibi ce, amma hannuna yana cikin aljihu.